Yadda za ka tafiyar da kuɗin guzurinka a ƙasar waje ba tare da katin bashi ba

Mafi yawan masu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Diori Hamani a Yamai ba su taɓa riƙe katin bashi ba, wato katin da ake kashe kuɗin banki da shi a biya daga baya. Wasu bankinsu bai taɓa yi musu tayinsa ba, wasu kuma da gangan suka kauce masa saboda kuɗin ruwa. Sai dai otal-otal, kamfanonin hayar mota da shafukan sayar da tikiti a ƙasashe da dama suna aiki ne bisa zaton kowane baƙo yana da shi. Babban amfaninsa ga matafiyi shi ne: idan aka samu tangarɗa, kuɗin banki ne ke maƙalewa. Kai kuwa da kake tafe da kuɗin guminka, duk abin da ya maƙale daga cikin na abinci da na makwanci ya fita. Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne ka raba guzurinka ta hanyoyi uku da ba za su toshe lokaci guda ba, wato tsabar kuɗi, babban kati da katin ko-ta-kwana, sannan ka gwada kowace tun ƙafarka tana gida.

Misalan da zan kawo sun fi karkata ga Saudiyya, Dubai, Masar da Sin, domin can ne mutanenmu suka fi zuwa ibada, neman magani da saro kaya.

Mataki na farko: gano yadda ake biyan kuɗi a inda za ka

A Makka da Madina kusan kowane kanti yana da na'urar karɓar kati, amma direban tasi, mai tura keken guragu a Harami da mai aski bayan Umra sun fi son riyal a hannu. A Masar tsabar kuɗi ce ke tafiyar da kasuwa, amma tun 2023 manyan wuraren tarihi da dama, har da gine-ginen dala na Fir'auna da ke Giza, da kati ake sayen tikitin shiga. Motocin bas na Landan sun daina karɓar kuɗi a hannu tun 2014. A Guangzhou da Yiwu na ƙasar Sin kuwa waya ce aljihu: Alipay da WeChat Pay ake biyan komai da su, daga kwanon shinkafa zuwa kuɗin tasi. Tun 2023 manhajojin biyu suna barin baƙo ya haɗa Visa ko Mastercard ɗinsa na gida, ba caji a kan cinikin da bai wuce yuwan 200 ba, abin da ya haura kuma ana cire kashi 3 cikin ɗari. Ka sauke manhajar, ka ɗora hoton fasfonka, ka haɗa katin tun kana gida.

Mai zuwa ƙasashen maƙwabta ya lura da abu guda: sefa iri biyu ce. Ta Nijar, Benin, Togo da Senegal bankin BCEAO ne ke buga ta, ta Kamaru da Cadi kuma BEAC. Darajarsu ɗaya a takarda, kowace 655.957 a kan yuro ɗaya, amma takardar Maraɗi ba za ta saya maka komai a shagon Garwa ba sai ka canza, kuma ɗan canji zai cire nasa.

Mataki na biyu: katuna

Ka fito da katin da ke aljihunka ka duba tambarinsa. Idan Verve ne ko AfriGo, ka ɗauka na gida ne, kada ka dogara da shi a waje. Visa ko Mastercard kake buƙata. Ko su ɗin ma, idan a kan asusun naira suke, sai ka tambayi banki. A 2022 bankunan Najeriya sun rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira har zuwa dala 20 a wata, daga baya yawancinsu suka rufe gaba ɗaya. A tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da iyakarsa. Abin da aka taɓa rufewa dare ɗaya ana iya sake rufe shi kana tsakiyar tafiya, don haka katin naira ya zama na biyu, ba na farko ba.

Babban katinka ya kasance na asusun dala. Ka buɗe asusun a banki, ka zuba dala, ka nemi katin da ke cira kai tsaye daga cikinsa. Wasu bankuna suna da katin dala na lodi wanda ba ya haɗe da asusu: abin da ka zuba shi kaɗai ne a ciki, in ɓarawo ya same shi iyakar ɓarnarsa ke nan. Ni na fi son mutum ya bar yawan kuɗin a asusu, yana tura kaɗan-kaɗan zuwa katin lodi ta manhaja gwargwadon buƙatar kwana biyu ko uku.

Katin ko-ta-kwana ya fito daga wani banki daban, kuma in na farko Visa ne, wannan ya zama Mastercard. Kati biyu daga banki ɗaya tare suke mutuwa ranar da sabis ɗin bankin ya ɗauke.

Kafin ka bar gaban ma'aikacin banki ka samu amsar waɗannan: nawa za ka iya cira a ATM a rana, nawa za ka iya kashewa a na'urar kanti, nawa suke caji a kowace cira a waje, kuma shin an kunna wa katin aiki a ƙetare da kan intanet. Bankuna da yawa sun mayar da wannan kunnawar cikin manhaja, sai ka nemi a nuna maka wurin. Ka faɗa musu ƙasar da za ka da ranakun tafiyar, domin na'urarsu tana iya toshe kati in ta ga an yi ciniki a Kano da safe, an yi a Jidda da dare. Ka duba ranar ƙarewar katin. Sannan ka gwada shi: ka sayi wani ɗan ƙaramin abu a shafin ƙasar waje, ko ka biya kuɗin kujerar jirgi da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma fitar sabon kati kan ɗauki kwanaki, don haka a fara wannan aƙalla wata guda kafin tashi.

Katunan dala na cikin manhaja, waɗanda lamba ce kawai babu roba, suna da amfani wurin kama otal da sayen tikiti. Ba sa shiga ATM, kuma an sha dakatar da irinsu ba zato. Kada ka tara guzurinka a ciki.

Mataki na uku: samo dalar

Ga ɗan Najeriya hanyar hukuma ita ce sayen dalar guzuri a banki: PTA ga mai tafiyar ƙashin kansa, har dala 4,000 a wata uku, da BTA ga mai tafiyar kasuwanci, har dala 5,000. Ana cike Fom A a intanet, a haɗa da BVN, fasfo, biza da tikitin zuwa da dawowa, wani bankin ya ƙara da shaidar biyan haraji. Tun da aka haɗe farashin canji a watan Yunin 2023 garaɓasar da ake rububi a da ta ƙare, kusan farashin kasuwa za ka saya. Kuma a Fabrairun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa biyan wannan kuɗi ta kati ko wata hanyar lantarki, ba a hannu ba. Ma'ana, ko PTA ɗin ma sai kana da katin dala.

Tsabar kuɗi kuma wurin 'yan canji ake samu, a Wapa in kana Kano, a Zone 4 in kana Abuja. Ka je wurin mai lasisi da ofis, ka karɓi rasit. Rasit ɗin nan shi ne bakinka in jami'i ya tambaye ka inda ka samo kuɗin.

Maniyyaci kada ya ɗauka guzurin da hukumar alhazai ke bayarwa zai ishe shi. A Hajjin 2024 dala 500 ne, wato riyal 1,875, na zaman da ya kai wata guda.

Mataki na huɗu: wayarka

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami, kuma ba kuɗi ne ke ƙare musu ba. Ka zo biyan tikitin jirgin ƙasa na Haramain daga Makka zuwa Madina a intanet, banki ya tura lambar tabbatar da biya, wato OTP, zuwa layinka na gida, layin kuma yana cikin durowa a Kano, ko yana wayarka amma bai kama sabis ba. Kuɗi na nan, ba halin taɓawa.

Ka tafi da layin da ke haɗe da asusunka, ka tabbatar kamfanin ya buɗe masa aiki a waje, ka bar ɗan kuɗin kira a ciki. Waya mai layi biyu ta fi: ɗaya na gida don saƙon banki, ɗaya na ƙasar da ka sauka don data. Ka kashe datar layin gida, in ba haka ba za ta lashe kuɗin cikin mintuna. Ka nemi banki ya riƙa turo OTP da alat ta imel ma, ko ka karɓi ɗan token ɗin nan mai fitar da lamba. Kada ka canza waya ana gobe tafiya, domin manhajar banki takan nemi sabuwar tantancewa a sabuwar na'ura. Lambar kiran bankin daga ƙetare kuma ka rubuta ta a takarda, ka sa cikin jakar fasfo.

Mataki na biyar: tsabar kuɗi

Nawa za ka riƙe a hannu? A ganina abin da zai ɗauke ka kwana huɗu zuwa biyar, da otal da abinci da mota, ko da katunan duka sun ƙi. A ƙasar da kasuwarta ta hannu ce kamar Masar, ka ƙara.

Dala ce ta fi karɓuwa, sai yuro in za ka Turai ko ƙasashen sefa. Ka nemi sabuwar takardar dala ɗari mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013. Tsofaffin har gobe kuɗi ne a Amurka, amma 'yan canji a ƙasashe da yawa suna ƙin su ko su karya musu farashi. Haka mai yagewa, mai tabon mai, mai rubutun biro ko hatimi. Ka duba kowace takarda ɗaya bayan ɗaya a gaban mai canjin. Takardun ɗari da hamsin sun fi samun farashi mai kyau, amma ka haɗa da 'yan goma da ashirin kaɗan saboda ƙananan buƙatu a filin jirgin da za ku yada zango. Naira kuwa, in ka wuce garuruwan kan iyaka, da wuya ka samu mai karɓarta da daraja. Ka riƙe ta kuɗin motar komawa gida kawai.

Akwai sauƙi guda ga mai zuwa ƙasashen Larabawa. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, dirhamin Daular Larabawa kuma a kan 3.6725. Don haka lissafin a bayyane yake: dala 1,000 riyal 3,750 ce. In mai canji ya ba ka 3,730, ya ci ashirin, ba laifi. In ya ce 3,600, ka wuce na gaba. A filin jirgi ka canza abin da zai kai ka masauki ka ci abincin dare kawai, sauran ka bari sai cikin gari. Tambayar da za ka yi ita ce nawa za ka karɓa a hannu bayan an cire komai, domin allon da ya ce babu la'ada yakan ɓoye ta cikin farashin. Ka ƙirga a gaban taga kafin ka juya baya. A Masar, tun da aka saki farashin fam a watan Maris na 2024, ratar da ke tsakanin banki da bayan fage ta kusa ɓacewa, kuma canjin bayan fage laifi ne a dokarsu. Babu ribar da ta kai kwana a hannun 'yan sanda.

Ka raba kuɗin: na yini a aljihun gaba, babban kaso a ɗamarar ciki ko aljihun da aka ɗinka a cikin wando, sauran a akwatin ajiya na ɗaki tare da katin ko-ta-kwana. Mai harami ya sayi bel mai zip, domin cunkoson ɗawafi da na jifa ba ya rasa masu yankan aljihu. Kuɗi da kati ba sa shiga jakar da za a auna a sa a cikin jirgi.

Mataki na shida: kwastan

Ɗaukar kuɗi mai yawa ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta Najeriya ta 2022 ta wajabta bayyana wa kwastan duk abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa, a fita da shiga. Saudiyya, a 2025, riyal 60,000 ne, kuma zinare da duwatsu masu daraja suna cikin lissafin, abin da masu saro gwal ya kamata su riƙe. Daular Larabawa dirhami 60,000. Masar dala 10,000. Tarayyar Turai yuro 10,000. Sin ta fi tsauri: abin da ya wuce dala 5,000 sai an bayyana. Cike fom ɗin kyauta ne, rashin cikewa kuma yana iya jawo ƙwace kuɗin da gurfana gaban kotu.

Kada ka karɓi ƙunshin kuɗin wani a filin jirgi don ka kai wa ɗan uwansa, komai furfurar mai roƙon. Duk abin da aka samu a jikinka naka ne a idon hukuma.

Mataki na bakwai: otal

Wannan shi ne wurin da rashin katin bashi ya fi ciwo. Otal da yawa, idan ka iso, suna riƙe wani kuɗi a katinka a matsayin jingina saboda ɓarna ko abin da za ka ci a ɗaki. A katinka na dala, kuɗin nan fita yake daga abin da za ka iya kashewa nan take. A ce ɗaki riyal 400 ne a kwana, za ka yi kwana biyar, 2,000 ke nan. Otal ya riƙe 2,500 ranar shiga. Ranar fita, in ma'aikacin bai yi hankali ba, sai ya ciri 2,000 a matsayin sabon ciniki ba tare da ya saki na farkon ba. Yanzu riyal 4,500 sun bar hannunka a kan ɗakin 2,000, kuma sakin abin da aka riƙe kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya dawo asusunka.

Maganin abin: ka rubuta wa otal ɗin kafin ka kama ɗaki, ka tambaya ko suna karɓar jingina da tsabar kuɗi, kuma nawa ce. Da yawa suna karɓa. In ka bayar ka karɓi rasit, ranar fita ka karɓi kuɗinka a hannu. In dole sai da kati, ka ba su na ko-ta-kwana, ranar fita kuma ka ce a cire kuɗin ɗakin daga abin da aka riƙe, ko a soke riƙon a gabanka a ba ka takardar sokewa. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka biya ɗakin gaba ɗaya tun daga gida, ka buga shaidar biya a takarda. Wasu otal da kamfanonin jirgi sukan nemi ganin katin da aka biya da shi, don haka in da katin wani aka biya maka, ka tambayi abin da suke buƙata tun da wuri.

Hayar mota ta fi wannan wuya. Kamfanoni da yawa ba sa ba da mota sai da katin bashi, waɗanda suka yarda kuma jinginarsu babba ce. Ka haƙura da ita. Motocin tasi na manhajar Uber da Careem suna karɓar kuɗi a hannu a Saudiyya da Masar, Dubai kuma tana da jirgin cikin gari da ake shiga da katin Nol, wanda za ka iya saya ka loda da tsabar kuɗi a tasha.

Mataki na takwas: gaban ATM da na'urar kanti

Na'ura za ta tambaye ka wani lokaci: a cire da dala ko da kuɗin ƙasar? Kullum ka zaɓi kuɗin ƙasar, riyal a Saudiyya, fam a Masar. In ka zaɓi dala, mai na'urar ne zai yanka maka farashin canji, kuma nasa ya fi na Visa da Mastercard tsada. Tambayar takan zo da lafazi mai daɗi, kamar ana taimaka maka ka san abin da za ka biya. In mai kanti ne ke danna maka, ka faɗa masa kafin ya danna.

Cajin ATM yawanci na kowace cira ne, bankinka ya ɗauka, wani lokaci mai na'urar ma ya ɗauka. Cira ɗaya babba ta fi biyar ƙanana araha. Ka yi amfani da na'urar da ke jikin reshen banki, a lokacin aiki, domin in ta haɗiye katin akwai wanda za ka yi wa magana. In ka yi kuskuren lambar sirri sau biyu, ka tsaya, na uku toshewa ne. In na'urar kanti ta ce ciniki bai shiga ba, ka duba alat kafin a sake gogawa, ka kuma riƙe takardar da ta nuna an ƙi. Kati kada ya bar idonka, a kawo na'urar inda kake.

Mataki na tara: in abu ya lalace

Kati ya ɓace, ka toshe shi a manhaja nan take, ka koma kan na biyu. Kuɗi ya ƙare, kada ka ɗauka 'yan uwa za su turo maka ta Western Union daga Najeriya: ƙa'idojin Babban Banki na Janairun 2024 sun taƙaita irin waɗannan kamfanoni ga shigo da kuɗi kawai. Abin da ke aiki shi ne ka bar wa wani amintacce lambar asusunka na dala, ya sayi dala ya zuba, kai kuma ka cira da kati a can. Ku yi wannan maganar kafin ka tafi. Ɗan uwa da ke zaune a Ingila ko Amurka yana iya turo maka kai tsaye ka karɓa da fasfo, in dai sunan da ya rubuta ya yi daidai da na fasfon harafi da harafi. Mutanen Nijar da ke yawo cikin yankin suna da sauƙin kamfanoni irin su Nita da Al Izza, sai dai a tabbatar akwai reshe a garin da za a sauka.

Akwai kuma tsohuwar hanyar 'yan kasuwa: ka ba wani naira a Kano, yaronsa ya ba ka riyal a Makka ko ya biya maka mai kaya da yuwan a Guangzhou. Tana da sauri, amma amana ce kawai ke riƙe da ita, ba takardar da za ka kai ƙara da ita. A Sin 'yan sanda sukan daskarar da asusun da kuɗi mai shakku ya ratsa, mai kayan ya ce bai ga kuɗi ba, kaya su tsaya. Kuɗin saro kaya mai yawa ya bi ta banki.

Mataki na goma: dawowa

Tsabobin ƙarfe ba mai canza maka su a gida, ka kashe su ko ka yi sadaka kafin ka shiga jirgi. Fam ɗin Masar ka mayar da shi dala tun a can. Riyal, dirhami da dala kuwa za ka iya ajiyewa don wata tafiyar, ko ka zuba dalar a asusunka. Da ka huta, ka nemi bayanan asusun, ka bi su layi-layi da rasit ɗin da ka tara: jinginar otal ta dawo? An cire wani ciniki sau biyu? In ka ga kuskure ka rubuta wa banki ƙorafi da kwafin rasit a makon, domin neman dawo da kuɗin kati yana da wa'adi. Daga nan ka shiga manhaja ka kashe wa katunan aiki a ƙetare, ka cire su daga Alipay, Uber da shafukan otal da ka ajiye lambobinsu.